Ranar da Jitata ta Danne Kiran Gidan Abokina

A lokacin da abin nan ya faru ni tsohon soja ne da bai daɗe da ajiye kaki ba. Na dawo gida Zuru da muƙamin saje, na koma gonar dawar da mahaifina ya bari, ranar Lahadi kuma ina kaɗa jita a cocinmu. Karatuna bai yi nisa ba, amma soja ya koya mini cewa komai da jerinsa, kuma abin da aka ce ka yi shi za ka yi, ba ƙari ba ragi. Da wannan hali na tarbiyyantar da 'ya'yana, da shi nake noma, da shi kuma na tafka kuskuren da nake so masu karatu su ji. Ba zan kama sunan kowa ba.

Jitar da na koya a bariki ba ta wuce ta raka mawaƙa daga baya ba. 'Yata ta fari, wadda ke aikin jinya a birni, ita ta kawo mini jitar lantarki da 'yar lasifika, ta zuba mini bidiyoyin koyarwa a waya. Wani Bature ne mai dogon gashi yake koyar da kiɗan da suke kira rok, musamman solo, wato inda mawaƙi zai yi shiru jita ta yi magana ita kaɗai. Turancinsa na hanci ne, rabi nake ji, amma yatsunsa ba sa ɓoye komai. Darasi arba'in ne, na kuwa ɗauke su kamar fareti. Da safe gona, da yamma gindin mangwaro, waya a jingine da bulo. Ba na taɓa darasi na biyu sai na farko ya zauna. Na koyi tura tsirkiya sama da yatsa har ta yi kuka kamar mutum, na koyi girgiza ta don sauti ya daɗe, na koyi gudu daga wannan ƙarshen wuyan jita zuwa wancan. Yatsuna suka tsage, suka warke, suka yi kanta. Matata ta ce tun da na yi ritaya ba ta ga na yi wa wani biyayya kamar mai gashin nan ba, in ina so ta yi masa kitso in faɗa. Gaskiya na ji daɗin watannin nan. Abu biyu ya fi nanatawa, na kuma rubuta su a littafi: ka ƙirga bugun kiɗa don ka san inda za ka shiga da inda za ka fita, sannan idonka ya tsaya a kan yatsunka.

Ga wanda bai san al'adar cocinmu ba, bayan girbi muna yin Lahadin godiya. Kowane gida yana kawo abin da gona ta ba shi, amma ba a tasowa barkatai. Shugabar zumuntar mata, wata dattijuwa da duk muke kira Mama, ita ke tsayawa gaba tana waƙa da yarenmu, a cikin waƙar take kiran gida-gida. Gidan da aka kira sai ya taso da rawa daga bakin ƙofa har gaban bagadi. Waƙar ba ta da yankakken tsawo, tana miƙewa ne gwargwadon tafiyar masu kawowa. Ba wanda ke fitowa ba a kira shi ba. In kuwa an kira gida ba a taso ba, ba a maimaitawa, don kada a tona asirin wanda gonarsa ba ta yi ba.

A cikin masu jira a ƙofa a wannan shekarar akwai matar abokina. Rana ɗaya aka ɗauke mu soja da shi, ni na dawo, shi bai dawo ba. Shekara biyu gidansa bai fito godiya ba. A ta ukun ta nome gonarsa da hannunta, duk da masu cewa mace ita kaɗai ba za ta iya ba, Allah kuma ya ba ta. Ta ɗauro dami guda mai kyau ta zo da shi a ka.

Kafin ranar na roƙi Mama ta ba ni wuri in yi solo. Ta ce Saje ba damuwa, amma in dubi hankicin da ke hannunta, in ta sauke shi wajena to fili nawa ne. Na ce na ji. Sai dai tun a gida na gama lissafina: bayan amshi na takwas zan shiga, in yi zagaye goma sha shida, in fita. Da amshi na takwas ya cika na taka ɗan akwatin da ke sa sauti ya yi gurnani, na sunkuyar da kai, na shiga. Ban kuskure ko ɗaya ba. Matasa suka yi tafi. Da na ɗago na ga Mama tana kallona tana ci gaba da waƙa, na ɗauka yabo ne.

Muka hau babur ni da matata muka koma gida. Sai da ta ajiye mini tuwo ta zauna, sannan ta ce daidai lokacin da na shiga ne Mama ta kira gidan abokina. Ƙarar jitata ta danne kiran, ba wanda ya ji daga ƙofa. Matar ta tsaya da dami a ka har aka tashi, ta juya da shi gida. Tun a harabar coci wasu sun fara cewa ai dama sun faɗa, gonar ba ta yi ba, aron dami ta yi kunya ta hana ta shiga. Abin da na fara cewa shi ne ƙirgena daidai yake. Matata ta tambaye ni wa ya aike ni ƙirge. Ban ci tuwon nan ba.

Kwana uku ina jayayya da kaina, a na huɗu na tafi gidan abokina. Na tarar da matarsa tana sheƙa, damin yana jingine da bango ba a kwance shi ba. Na ce matarmu na zo ne da laifi. Ta ba ni kujera da ruwa, ta ce ita da ta ji kukan jitata daga ƙofa ta ɗauka akuya ce ta maƙale a taga. Muka yi dariya kaɗan. Sai ta ce marigayi yakan faɗa mata cewa a fareti ba wanda ya fi ni iya taku, amma ban taɓa sanin wanda ke gefena ba. Ta ce ba dawar ce ta dame ta ba, so ta yi a kira sunan gidan mijinta a coci a ga akwai mai amsawa.

Na bi abin daki-daki. Na fara zuwa wajen Mama, sannan wajen Fasto, na nemi izini. Ranar Lahadi na miƙe gaban jama'a na faɗi abin da ya faru, da wanda ya yi laifin, da cewa damin daga gonar abokina ya fito, ni shaida ne. Niyyata in bar jita a gida ranar, Mama ta ce in ɗauko ta, ba jitar ce ta yi kurumta ba. Ta ɗaga waƙa, ta kira gidan da ƙarfi, matar ta taso daga ƙofa da daminta. Sai Mama ta yi shiru, ta sauke hankicinta wajena. Na shiga a hankali, ban taka akwatin gurnani ba, idona a kan ƙafafun matar nan. Ta yi sauri in yi sauri, ta tsaya juyi in ja tsirkiya ɗaya in jira ta. Da damin ya taɓa ƙasa na ɗauke hannu. Har yau ban san zagaye nawa na yi ba, kuma shi ne solo mafi kyau da na taɓa kaɗawa.

Na ƙarasa darasi arba'in ɗin nan, ina kuma komawa kansu, don malamin bai koya mini ƙarya ba. Yanzu kowace godiya ina da wurina, matar abokina kuma in ta gan ni takan tambayi lafiyar akuyata. Hankalina kwance yake. Amma ku masu koyon kiɗa ko wata sana'a a waya, ku riƙe wannan daga bakin wanda ya ji kunya da furfurarsa: malamin da ke cikin bidiyo ba ya ganin ɗakin da kuke ciki, bai san wa ke tsaye a ƙofa da kaya a ka ba. Ku koyi yatsu a wurinsa. In kun shiga cikin mutane kuwa, ku ɗaga kai ku dubi mai hankici.