Shekarar da Shanu Suka Riga Ni Zuwa Tabki

Wata Laraba bayan yankan gero, shekarar da nake ajin ƙarshe na firamare, na tsaya a bakin tabkin ƙauyenmu kusa da Gangara, da katako a kafaɗa. Shanu sun riga ni. Ko'ina sawun kofato ne, rami-rami, rana kuma ta gasa lakar ta yi tauri kamar bulo.

Nan ne filin wasan yayana Illiya. Shan inna ta kama shi tun yana goye, da hannu yake tafiya. Shi da abokansa biyar masu irin lalurarsa suna da wasan da suka ƙirƙira: kowa ya zauna a kan guntun tsohuwar taya, hannu ɗaya yana tura jiki, ɗayan riƙe da gajeriyar sanda mai lanƙwasa, suna korar ƙwallon goruba zuwa tsakanin duwatsu biyu. Mai ƙafa in yana son shiga, dole shi ma ya zauna. A rairayi wasan ba ya yiwuwa, goruba nutsewa take, ƙarangiya ta cika tafin hannu. Sai a kan lakar tabki bayan ruwa ya ja baya. Kwana biyu ko uku kawai take da laushin da za a ja katako a shafe ta sumul, a kewaye ta da ƙaya saboda shanu har ta bushe. Su ba sa iya shiga ɗanyar laka. Ni nake yi kowace shekara, don ba na barin ko dunƙule ɗaya. "Habu, aikinka kamar rubutunka," in ji Yaya.

A shekarar nan na gaji. Da sassafe ɗibar ruwa da jaki, daga nan lakwal, wato makaranta, da yamma kai dami rumbu, ga jarrabawa a gaba. Sau uku Yaya ya ce mini, "Ruwa ya ja fa." Sau uku na ce gobe, na buɗe littafi.

Na kasa gaya masa, da kansa ya je ya gani. Ya shafa ramukan, ya gwada tura jikinsa, taya ta maƙale. Abokinsa Ɗanladi ya ce, "To, bana sai dara, mun zama tsofaffi." Aka ɗan yi dariya. Yaya bai yi mini faɗa ba, cewa kawai ya yi, "Je ka yi karatunka." Kafin wata kaka biyu daga cikinsu sun tafi Agadas neman abin yi, wasan bai sake tashi ba.

Yanzu ina karatu a Damagaram, Yaya yana gyaran salula a kasuwar Tanut, daga safe har la'asar a kan tabarma guda. Da na ci jarrabawar nan ya fi kowa murna. Har yau in ya ce mini sannu da ƙoƙari, rasa inda zan sa idona nake yi.