Kwanon Maƙwabci

Shekarar da lokotoro a Gazawa ya auna ni ya ce jinina ya hau, matata ta ɓoye gishiri da man gyaɗa kamar zinariya. Miya ta koma salam, sai ka ce ruwan wanke-wanke. Na yi faɗa har na gaji, ko kallona ba ta yi ba.

Sai na yi dabara. A garinmu ba a mai da kwanon maƙwabci wayam. Kullum da azahar sai in aika wa maƙwabcina tuwona, wai zumunci, kwanon ya dawo da shinkafa da wake, mai yana ƙyalli, gishiri ya ji. Kwana goma ina lashe yatsu a zaure.

Ashe matata da matar maƙwabcin sun haɗu a bakin rijiya. Rannan na buɗe kwano, sai dafaffen zogale, ko ƙuli babu. Wai matarsa ta ce shi ma tumbinsa ya isa haka, ta ɓoye nata gishirin.

Yau jinina ya sauka, ina zuwa gona ba haki. Amma maƙwabcina, har yanzu in na yi masa sallama, ciki-ciki yake amsawa.