Malama Mai Igiya, Wadda Ta Zaunar da Yayana a Bencin Baya

Kullum da safe, kafin masu shara su gama da baranda, Malama Mai Igiya ta riga ta shiga aji tana ɗaura igiyar shanya daga taga zuwa taga. Baƙo zai rantse wanki ta kawo makaranta. A jikin igiyar take maƙala hotuna, kowane a zamaninsa: nan Bani Isra'ila suka fito daga Masar, can ɗan sarkin da ya bar fada aka kira shi Buda. Tarihin addinan duniya take koyarwa. Ni lissafi nake koyarwa, bango ɗaya ya raba mu, don haka na sha karatunta a ɓagas shekara da shekaru.

Dokarta ɗaya ce. Ba ka ba da tarihin addininka, na abokin zamanka za ka bayar, shi kuma ya zama alƙali. In bai gyaɗa kai ba, ka koma ka sake shiri.

Wannan doka ce ta kawo yayana makaranta. Mai walda ne, zuciyarsa ta fi wutar aikinsa saurin kamawa. Ya ji 'yarsa Auta tana bitar yadda Kiristocin farko suke taruwa a gidaje, sai ya ajiye aiki ya taho. Auta kuwa ba ajin da take so kamar wannan. Da na jiyo ta fara kuka, na bar ɗalibaina na leƙo.

"Malama, karatu na kawo yarinya, ban kawo ta a sauya mata alƙibla ba," in ji Yaya. "Yau da ita zan tafi."

"'Yarka ce, Baban Auta, wa zai hana ka?" in ji Malama. "Amma yau alƙali nake nema. Zauna ka taya ni, in an tashi sai ku tafi."

Ya zauna a bencin baya, fuska a murtuke. Wadda ta miƙe ita ce Doguwa, abokiyar zaman Auta, Kirista, za ta ba da tarihin farkon Musulunci. Ta kawo kogon Hira, ta kawo wahalar da aka sha a Makka, sannan ta ce hijirar farko Madina aka yi. Sai ga hannun Yaya a sama.

"A'a, 'yata. Kafin Madina an je Habasha. Kuma sarkin da ya ba su mafaka, ya hana a taɓa su, ai Kirista ne..."

Nan ya tsaya. Kunnensa ya ji abin da bakinsa ya faɗa. Malama ta miƙa masa hoton tekun da aka ƙetare zuwa Habasha ta ce, "Zo ka maƙala mana a inda ya dace." Ya taso ya maƙala, har yana gyara masa zama. Da Auta ta ba da nata, Doguwa ta gyaɗa kai, aji ya ɗauki tafi. Wallahi daɗin da na ji ranar bai misaltuwa. Yaya ya koma wurin aikinsa shi kaɗai.

Malama, ke ce ruwa mai kashe gobara tun tana hayaƙi. Ke ce kika nuna mana cewa sanin hanyar gidan wani ba ya ɓatar da mutum daga tasa. A makon nan za ki ajiye alli, ba ki taɓa neman a yaba miki ba, to yau kya ji, ko kin ƙi ko kin so. Mun gode, Allah ya ba ki hutu mai albarka. Mu da muka rage a azuzuwa kuma, in mai fushi ya shigo mana, mu yi irin nata, mu ba shi wurin zama kafin mu ba shi amsa.

Auta tana jami'a yanzu, fannin nan take karantawa, sallarta kuma ba ta wuce ta. Doguwa kuwa, Baba take kiran Yaya, shi ya ƙera mata gadon aurenta. Jiya na ce masa zan rubuta wannan, me zan faɗa miki?

"Ka ce mata ba bashin kuɗi take bi na ba, godiya take bi na," in ji shi. "'Ya ɗaya na je ɗaukowa, ta haɗa ni da biyu."