Jarumin Yaya Garba Ba Ya Ɗaura Laya

Bana shekara tara ke nan da rasuwar yayana Garba, tela a Ƙauran Namoda, wanda aka fi saninsa da shirya wasan kwaikwayo fiye da ɗinki. Duk bayan girbi yakan tara samari su yi wasa a filin makaranta, wani zubin har Kasuwar Daji ake gayyatarsu.

Ƙorafi ɗaya mutane suka sha yi masa: wai jarumin wasansa matsoraci ne. Mu nan mun saba da 'yan tauri, masu guru da layu, waɗanda ke goga wuƙa a ciki ko ƙwarzane babu. Irinsu 'yan kallo ke son gani. Garba kuwa ko laya ɗaya ba ya barin jaruminsa ya ɗaura. Kafin a zo wurin faɗa sai ya sa shi ya yi ta zaga fili da gudu, sannan ya tura shi gaban mugu yana haki, da sanda a hannunsa. Ni kaina na taɓa ce masa abin nan da kunya. Ya ce, "Hadiza, in ƙarfe bai cin mutum, mi za ki ji ma tsoro? Gyaɗarki kawai za ki ta ci."

Da gaskiyarsa. A wasansu na ɓarayin shanu jarumin ya faɗi, ya ja ciki ya ɓuya bayan turmi, filin ya yi tsit. Wata tsohuwa ta damƙe hannuna tana salati, ta manta ɗan maƙwabcinta ne ke wasa.

Wancan tsoron aro ne, ana tashi a kakkaɓe zani a tafi gida. Na yanzu kuwa ya zauna da mu. Hanyar Zurmi da ta Shinkafi sai da addu'a ake binsu, manomi na noma kunnensa na daji.

Ɗana Bashiru yana zaune wurin dangin ubansa a Gurbin Bore. Kwanan baya ya zo ya shaida mini ya shiga 'yan sa-kai masu tsaron gari. Ya ɗaga riga ya nuna mini guru, wai mai maganin ya tabbatar masa harsashi ruwa zai koma. Yana faɗa yana dariya, kamar mutanen finafinan da yake kallo a waya, inda mutum ɗaya ke gamawa da runduna ko gumi bai yi ba. Wallahi dariyar nan ta fi komai tayar mini da hankali.

Na san da kawunsa na raye ba zai hana shi ba, gari ai sai an tsare shi. Amma zai tuna masa cewa jarumansa duk sun kai ƙarshen wasa da ransu, saboda suna sunkuyawa, suna laɓewa, in gudu ya kama su gudu. Na gwada faɗa masa hakan, bakina bai kai na Garba ba. Ya hau babur ya ce, "Inna, ke dai yi mini addu'a."

Keken ɗinkin Garba ya yi tsatsa, wasanninsa babu wanda aka ɗauka a bidiyo. Abin da ya bar mini shi ne addu'ar da nake jin nauyin furtawa a gaban mutane. Sauran iyaye suna roƙon Allah ya cire wa 'ya'yansu tsoro. Ni roƙona ya bar wa Bashiru nasa, don ranar da ya ji ƙarar bindiga ya kwanta ƙasa.