Ƙwai Uku a Kan Iyaka

Shekarun baya, lokacin da council, wato hukumar garin, ke ta rage ma'aikata har aikin ɗiyata ya koma kwana uku a mako, mu huɗu ne ranar a lambun haya na Erdington, a ƙasar Turawa: ni, ɗiyata, wani tsoho ɗan Ireland mai fegin da ke jikin nawa, da matarsa. Fegin nawa shi ke ba mu albasa da alayyafo, kuma na daɗe a layi kafin in same shi.

Ɗaya ga watan Mayu ce. Na iso da safe na tarar an jera fure rawaya a ƙofar rumfata. Ban yi boko ba, amma na san abin da aka ajiye da gangan. Na ce wa ɗiyata, "Kada ki tsallaka." Na sa ta roƙi tsohon ashana in ƙone su. Ya dube ni, ya tura ashanar aljihu. Na ce shi ke nan, an gama da albasata.

Can sai ga shi da shebur, ƙwai uku a kai, yana ta faɗa.

Ɗiyata ta ce, "Mama, wai zai kai ki kwamitin lambu a ƙwace fegin. A garinsu wanda ya binne ƙwai a iyakar gonar wani a jajiberin yau, albarkar gonar yake son janyewa."

"Ni? Ɓatattun ƙwai ne na yi taki da su jiya! Shi ya faɗi abin da ya zuba mini a ƙofa."

Matarsa ta dafe ƙirji, ta yi ta bayani.

"Ita ta zuba, Mama. Wai kariya ce, ta sa a tasu rumfar ta ga babu mai sa miki. Ashana kuwa, yau ba sa ba da wuta, sa'ar gida ke bin ta."

Tsohon ya daɗe yana shinshina ƙwan. Bai je kwamiti ba, bai kuma saki fuska ba. Ni ma ban saki ba.

Har yau in na tuna nakan ji kunya kaɗan. Ina ta gadin kaina daga mutumin da shi ma ni yake gadi.

Washegari na riga kowa zuwa. Na yi bisimilla na share furen, don ni addu'ata ta ishe ni. Sannan na tono sauran ƙwai biyun da bai gani ba, na mayar da su tsakiyar fegina kafin ya iso.