Yatsan Kawu Lionel a Bakin Salansa

Kafin Kawu Lionel ya gaisa da duk wanda ya shigo garejinsa, sai ya zagaya bayan motar ya zura yatsa a bakin salansa. Yana yi ne kamar mai dafa mota saboda ciwon gwiwa, shi ya sa ba wanda ya taɓa lura. Ni ma don ina zaune a ofis bayan gilashi ne, tun da na dawo daga jami'a na rasa aiki ya ce in zo in riƙa amsa masa waya. Idan yatsan ya fito fes, sai ya tambayi mutum iyali da ruwan sama. Idan ya fito baƙi, sai ya goge a wando kawai.

Yayan mahaifiyata ne, shekararsa sittin da uku, kuma bai taɓa zama ko'ina ba sai wannan gari namu da ke yamma da garin Cobar. Mahaifinsu askin tumaki yake yi. Shi kuwa yana ɗan shekara goma sha biyar ya ce ba zai ƙare rayuwa a sunkuye ba, ya shiga gareji, ya ƙare a kwance ƙarƙashin mota. A da, da kunne yake aiki. Zai ɗora bakin sukundireba a jikin inji, ya kara ƙotar a kunne, ya faɗa maka abin da ke damun motar. Da motoci suka koma masu ƙwaƙwalwa, ya tafi birnin Dubbo kwas na kwana uku, ya dawo da kwamfuta da ciwon kai. Har yau da yatsa ɗaya yake danna ta, wancan yatsan dai.

Motocin dizal na yanzu suna da matata a cikin salansa mai tare baƙin hayaƙi. In ta cika, ƙwaƙwalwar injin kan ƙara fesa mai don ta ƙone abin da ya taru, sai ƙasan motar ya yi zafi kamar murhu. Makiyayanmu ba sa ƙaunarta, don a cikin busasshiyar ciyawa suke yini suna duba rijiyoyi. Saboda haka Kawu ya yi wa kansa doka. Motar da ba ta da lamba, wadda ba ta fita daga shingen gona, zai cire mata matatar ya sake saita ƙwaƙwalwar. Mai lamba kuwa ko kusa, domin shi kaɗai ne a garin ke duba mota ya sa hannu a takardar lafiyarta ta shekara. Akwai allo a bakin titi da ke faɗar haka. Shekara talatin da ɗaya bai taɓa sa hannu a kan baƙar salansa ba, kuma ban san wani abu da yake alfahari da shi ba sai wannan.

Ranar wata Litinin a lokacin askin tumaki, Glenys Harkin ta shigo da a-kori-kurarta tana tafiya kamar mai ciwon baya, farin hayaƙi na bin ta. Ita ke kai wasiƙu gonakin arewa, kilomita ɗari shida zuwa da dawowa, Laraba da Asabar. Tare suka yi firamare da Kawu.

Ya zagaya baya, ya zura yatsa, ya goge a wando.

"To, tsoho, ka gama shafa mata gindin?" in ji Glenys. "Fitilar gargaɗi ce ta kama, motar ta ƙi gudu. Ka danna abin naka ka kashe ta in tafi."

"Wa ya taɓa ta?"

"Ba kowa."

"Glenys."

Ta cire hula ta yi fifita da ita. "Brodie ne, mijin 'yata Shona. Jiya bayan cin abinci. Ya ce ya gani a waya, aikin rabin awa ne."

"Da me?"

"Da ƙarfen haƙa ramin shinge."

Kawu ya zauna a kan tsohuwar taya. Surukin nata ya kwance salansar, ya farfasa cikin matatar ya zazzage a bayan gida, ya mayar da fanko. Bai san ƙwaƙwalwar ba ta da labari ba. Tana nan tana neman matatarta, tana fesa mai don ta ƙone abin da babu. Kawu ya zaro sandar awon baƙin mai ya sunsuna, ya miƙa mata.

"Shaƙa. Dizal ne ke gangarawa ciki. Ki yi tafiyar Laraba a haka, injin ya mutu miki a tsakiyar daji. Wannan surukin naki, ko keken jarirai kar ki bari ya taɓa."

"Ai ba ni na aure shi ba."

Ya leƙo ofis. "Farfesa, kira Dubbo ki tambayi sabuwar matata."

Haka yake kirana. Na kira. Suka ce mako uku, in an yi sa'a.

"Mako uku!" Glenys ta ce. "Akwai allurar ciwon suga ta tsoho Pendlebury a akwatin sanyi, gonarsa ce ta ƙarshe. Ta kwana huɗu ta rage masa. Kuma kar ka ce in ari mota, na zagaya gari tun safe. Kowa na wajen askin tumaki."

"Motarki mai lamba ce."

"Na san mai lamba ce, Lionel, ni nake biyan lambar. Rabin motocin da ke ƙofar mashaya an cire musu matata an sake saitin ƙwaƙwalwa. A Cobar wani yaro ke yi, ko sunanka ba ya tambaya."

"Je ki wajensa."

"Da wace motar?"

Kawu ya shiga ofis ya kunna butar shayi, ya tsaya yana kallon ta har ta tafasa. A jami'a na yi shekara guda ina auna irin wannan hayaƙin, na san abin da yake yi wa huhu, kuma na san ya san na sani. Ya juyo ya dube ni kamar mai jiran in ce wani abu. Na sunkuyar da kai ina gyara takardun da ba su buƙatar gyara.

Ya sha rabin shayin, ya ɗauki kwamfutar.

Aikin ba shi da abin kallo. Ya zauna a kujerar direba, ƙafa ɗaya a waje, tabarau a ƙarshen hanci, wayar kwamfutar ta tashi daga ƙarƙashin sitiyari zuwa cinyarsa. Ya fara kwafe ainihin saitin motar a ɗan fulas na ajiye bayanai, ya rubuta HARKIN a jikinsa, ya rataye a ƙusa. Sannan ya shiga gaya wa injin cewa ba shi da matata, bai ma taɓa yin ta ba. Wani koren layi ya riƙa rarrafe a fuskar kwamfutar. Glenys ta kawo masa fanke mai nama daga shagon Sinawa, bai taɓa ba. Ya juye baƙin man ya zuba sabo. Wajen ƙarfe uku ya tayar da motar, fitilar ta mutu, injin ya daidaita. Da ya taka totur, wani siririn baƙin hayaƙi ya fito ya kwanta a kan siminti.

"Ka ji ta!" in ji Glenys. "Kamar budurwa. Allah ya bar mana kai, tsoho."

"Ranar da sabuwar ta iso, ki kawo ta da safe. In mayar da komai yadda yake."

"Ji yadda take numfashi, kuma ka ce—"

"Da safe, Glenys."

Bayan ta tafi ya ɗauko sufana ya nufi bakin titi. Na ɗauka wani abu ya faɗi. Sai na ga yana kwance allon duba motoci. Nottunan sun yi tsatsa, ya daɗe yana fama. Ya shigo da shi ya jingina a bango, rubutun na kallon ciki.

"Kawu, mutum shida ke jiran takarda a makon nan."

"Kira su. Su tafi Cobar."

"Kilomita ɗari da casa'in ne. Za su yi ta zagi."

"Su yi. Muddin waccan motar na kan titi da aikina a cikinta, ba na sa hannu a ta kowa."

"Ba wanda ya sani fa."

Ya dubi yatsansa.

Na kira su ɗaya bayan ɗaya. Biyu suka kashe waya ina cikin magana. Ɗaya ya tambaya ko Kawu ba shi da lafiya ne, na ce gwiwa ce.

Da na gama na same shi a bakin famfo yana cuɗa hannu da sabulu mai yashi. Baƙin bai fita duka ba, ya maƙale a gefen farce. Ya ɗauko fanken da ya huce, ya zauna a kan tayar nan, ya cinye.