Ranar da Na Maida Gidanmu Jarka

Ƙarar buta ce ta fara komai. Ina kicin ina tsince shinkafa na ji ƙwal, sai ƙwalalal, ta gangara a kan siminti har bakin rariya. Na leƙo na ga Inna, mahaifiyata, tsaye tana laluben iska da hannu ɗaya, ruwan alwala ya jiƙa mata gefen zane.

"Wa ke ajiye buta a kan hanya a gidan nan?" in ji ta.

Ita ta ajiye ta da hannunta. Na ɗauko butar na miƙa mata.

Kwananta tara ke nan a wurinmu. Yana ce ta rufe mata ido biyu, likita a Kano ya ce sai bayan wata guda za a yi aiki, kafin nan a riƙa ɗiga mata magani safe da yamma. Da ƙyar ta yarda ta baro ɗakinta na ƙauye can bayan Bunkure, don a wajenta kwana a gidan suruki abin kunya ne.

"Gobe a sa ni a mota," ta ce. "Can ƙafata ta san ko'ina. Jiya fa ɗakin mijinki na faɗa ina zaton nawa ne. Da wane ido zan kalle shi?"

Na so in ce ai idon ne muke jira a gyara, amma na haɗiye. Na san in ta koma ba mai ɗiga mata magani, kuma ranar aiki za ta ce ta fasa. Na roƙe ta ta ƙara mini kwana huɗu.

A wunin nan na zuba mata ido, sai na lura da wani abu. Ta yi karo da turmi, ta taka murfin tukunya, ta gai da igiyar shanya. Amma akwai wata jarkar ruwa mai ruwan ɗorawa, irin ta man girki, ita kam ko sau ɗaya ba ta taɓa ta ba. Har cewa ta yi daga bakin ƙofa, "A ɗauke jarkar can daga rana." Na yi hamdala a zuciyata. Ashe wannan launin yana ratsa yanar.

Washegari maƙwabciyata za ta kasuwar Kura, na ce ta taho mini da fenti ruwan ɗorawa da buroshi. Niyyata ƙofar Inna kawai. Allah ya sani, ƙofar kawai.

Maigida ya fita gonar tumatir tun bayan asuba. Na zaunar da Inna a ɗaki da rediyo, autata mai shekara shida tana taya ta hira. Na shafe ƙofa, ta yi kyau kamar gwaiduwar ƙwai. Sai na ga dakali ma yana bukata. Sai ƙofar banɗaki. Da na ja baya na duba, bango ya yi wani irin duhu kusa da su, kamar an yi wa yaro ɗaya kayan salla an bar ɗan uwansa. Na hau bango. Ƙofar maigida ta rage ita kaɗai, na ji tausayinta.

A tsakiyar aiki fentin ya yi kauri, ga shi yana neman ƙarewa. Na yi masa abin da nake yi wa miya in ta daskare: na tsiyaya man gyaɗa na juya. A sakandare mun yi darasin kimiyya shekara shida, amma ban tuna an zo kan fenti ba. Ya yi laushi, ya yi sheƙi, na ji daɗi.

Gidanmu shi ne na ƙarshe a unguwa, bayan katanga sai kanal na ban ruwa da gonakin rani. Zuwa la'asar na ga bango ya yi ɗigo-ɗigo. Na zaci ƙura ce, sai na ga ƙurar tana motsa ƙafa. Ƙananan ƙwari ne, farare da baƙaƙe, sun manne tun daga sama har ƙasa, wasu kuma suna ta tahowa ta kan katanga. Kaji sun jeru a gindin bango suna walima, zakara ya goga gefensa ɗaya ya koma rawaya.

Maigida ya yi sallama, ya tsaya, ya cire malafa a hankali.

"Maman yara, malamin gona ne ya zo bayana?"

"Wane malamin gona?"

"Irin wannan launin suke ba mu mu rataya cikin tumatir. Ɗan kati ne kamar tafin hannu, da danƙo a jiki, ƙwari su taho su manne." Ya dangwala yatsa ya sansana. "Har da man gyaɗa? Mu muna can muna fama da su, ashe ke kin kira su cin abinci. Gobe maƙwabtan gona za su zo yi miki godiya."

Yana cikin dariya Inna ta fito alwala. Da ta juyo za ta koma, sai ta tsaya cak.

"Yau kuma ina ƙofar? Gidan gaba ɗaya ya zama jarka."

Ta dafa bango, hannu ya manne, mayafi ya bi shi. Ta ɓamɓare, ta miƙe kai tsaye zuwa ɗakin maigida. Shi kuwa ya sunkuyar da kai ya fice waje ba ko takalmi.

Na shiga kicin na yi ɗan kukana. Saura kwana biyu a cikin huɗun da na roƙa, ga shi na ɓata abin da hannuna.

Da safe maigida bai tafi gona ba, ko da yake ranar ban ruwa ce. Bai ƙara tsokanata ba sai sau biyu. Muka kankare bango da tsohuwar wuƙa, muka goge da kalanzir, ya kwaɓa farar ƙasa ya mayar da ko'ina fari, har da ƙofarsa, wadda ya yi wa shafi uku. Ya samo sabon fenti ɗan kaɗan, ya ce in ɓoye kwalbar man gyaɗa tukuna. Wuri huɗu kawai muka shafa: ƙofar Inna, bakin dakali, ƙofar banɗaki, da mariƙin buta.

Rana ta huɗu ina leƙe ta tagar kicin. Inna ta fito, ta ɗauki buta ba lalube, ta yi alwala, ta kori zakara daga kan tabarma tun daga nesa, ta ɗaga ƙafa daidai bakin dakali, ta shige ɗakinta. Na jira maganar mota har azahar. Abin da na ji kawai shi ne, "Ke, yau ba za a ɗiga mini maganin ba ne?"

Na ɗauko kwalbar maganin ina share ido da gefen hijabi. A bakin ƙofa autata ta tare ni, riƙe da buroshin da muka wanke, ta ture ɗankwalinta baya.

"Umma, ni ma ki ɗan shafa mini a goshi. Inna tana hango zakara tun daga can, ni kuwa sai na yi magana."